Dankalin Shafa'atu

Shekara goma sha tara Shafa'atu ta yi tana sayar da dafaffen dankali a bakin makarantar sakandare ta ƙauyensu, can gefen Kucheri. Ko aji ɗaya ba ta taɓa zama ba. Sai dai Allah ya sa inuwar da take kafa tirenta tana jikin tagar ajin kimiyya, ita kuwa kunnenta ba ya barci.

Kowace shekara Malam Jatau, tsohon malamin kimiyya, yakan aiko ta ba shi dankali biyu, ɗanye da dafaffe. Ya fere su, ya ƙwaƙule cikinsu, ya zuba gishiri a ramin, ya zaunar da su cikin faranti mai ruwa. Kafin a tashi tara ramin ɗanyen ya tara ruwa, dafaffen kuwa yana nan yadda aka ajiye shi. Tun tana cewa malam na ɓarnar abinci har ta haddace bayaninsa kaf.

Da Malam Jatau ya yi ritaya sai labari ya zo cewa za a turo wata jami'ar ilimi daga Gusau. In ta ga ba a gwaje-gwaje, za a rufe ajin kimiyya a mai da ɗalibansa Tsafe. Nan hankalin Shafa'atu ya tashi, don autarta Nusaiba tana ajin, burinta aikin jinya, kuma mahaifinta ya riga ya ce ba ta bin hanyar Tsafe kullum.

Malam Sama'ila aka ɗora wa ajin, bawan Allah malamin lissafi. Littafi ya ce dankali, shi kuwa dankalin da ya sani a makarantar nan na tiren Shafa'atu ne. Ya sayi dafaffu uku, har yana murnar sun yi sauƙin ƙwaƙula.

Ranar da jami'ar, Hajiya Binta, ta zo, ya haɗa gwajin, ita kuwa ta zauna tana duba agogo. Awa guda ta wuce, gishiri ko motsi. Malam Sama'ila sai share gumi yake yi. Da Shafa'atu ta ga Hajiya ta ɗauki jaka, kunya ta bar ta. Ta zaro ɗanye daga ƙasan buhu ta leƙa taga.

"Malam, a gahwarce ni. Wanga da kas saye matacce na, ba shi jan ruwa."

Ɗalibai suka kwashe da dariya, Nusaiba ta sunkuyar da kai. Hajiya ta ce, "Inna, shigo ki nuna mana."

Ta fere, ta ƙwaƙule, ta zuba gishiri, ta zaunar da shi cikin farantin ruwan. Ta ce jikin ɗanye 'yan ɗakuna ne, kowane da siririn tantani da ruwa ke ratsawa zuwa inda gishiri ya fi yawa, wuta kuwa tana lalata tantanin. Aka zuba ido. Can sai gishirin ya jiƙe, ruwa ya fara kwanciya a ramin.

Hajiya ta tambayi inda ta yi karatu. Shafa'atu ta nuna taga.

Ba a rufe ajin ba. Yau Nusaiba tana makarantar koyon jinya a Gusau, Shafa'atu kuma tana nan da tirenta. Duk shekara in lokacin gwajin ya zo, Malam Sama'ila da kansa yake fitowa ya ɗaukar mata tiren, ya shigar da ita ta ƙofa.