Rabin Tuwon Maigidana

Lokacin da aka kai ni gidan mijina a Ƙofar Wambai, ya daɗe da dawowa daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, ya koma dukancinsa. Mutum ne mai sanyin hali. Abu ɗaya ne ya hana ni sakat: duk tuwon da na ajiye masa sai ya sa yatsa ya tsaga shi biyu, ya ci rabi, ya rufe akushi.

Ni kuwa a gidanmu ba a taɓa raina miyata ba. Na ƙara daddawa, rabi. Na bar kuka na koma kuɓewa, rabi. Na rage malmalar don ya cinye, ita ma ya raba ta. Kaina ya ɗaure. Gwaggona ta ce namijin da ba ya cinye tuwonki, wani wuri yake ƙoshi. Maƙwabciyata ta ce asiri aka yi mana. Ni dai na ga aurena yana neman mutuwa, ban san laifina ba.

Ranar da haƙurina ya ƙare na tsaya a kansa. "Malam, in girkina ne ba ka so, ka sallame ni."

Ya dube ni, ya dubi akushin, kamar yau ya fara ganin tsagar.

"A dajin can na Bama daga jirgin sama ake jefo mana abinci," in ji shi. "In ruwa ya tsinke jirgi ba ya zuwa, sai mu yi kwanaki muna tafasa ganye. Gwangwani ɗaya, mutum biyu. Abokin cina wani Bakatsine ne. Zawo ya kwantar da shi aka bar shi a baya, na riƙa ajiye masa rabonsa."

"Ya zo ya ci?"

"Bai zo ba."

Haushina bai gama sauka ba, ga kunya ta rufe ni. A unguwarmu mace ba ta cin kwano ɗaya da miji, amma na wanke hannu na zauna, na sa hannu a ɗaya rabin.

Bai hana ni ba. Ya turo tsokar naman gabana ya ce, "Ci a hankali, cikinka ya kwana biyu ba komai."

Har ya rasu ban tambaye shi da wa yake magana ba.