Sauya Manhaja daga Kura

A ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a wani ƙaramin ofishin noman rani kusa da Kura. Ni ke fitar da tsarin rabon ruwa: wace kanal za a buɗe yau, wacce sai jibi. Lissafin kuwa ba a wurinmu ake yin sa ba. Babbar kwamfutar tana can birnin Kano, ni allo da madannai kawai gare ni, sai wani akwati da ke haɗa ni da ita ta layin waya.

Gab da dashen tumatir aka aiko da sabuwar manhaja a kan tef, wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya. Injiniyan da ke kula da ita ya saka tef ɗin a ciki, bai kai ga fara aiki ba aka aiko masa mahaifinsa ya rasu. Ya kulle ɗakin kwamfutar ya wuce garinsu da makulli a aljihu. Shugabanmu ya hana a fasa ƙofa, kuma tsohuwar manhajar ta soma tsayawa a tsakiyar lissafi. Ya ce in yi aikin daga inda nake.

Na fara bayan azahar. Na adana kwafin tsohuwar, sannan na umarci kwamfutar ta karanto sabuwar daga tef. Layin namu ta gefen kanal ya bi, da iska ta kaɗa shi sai baƙaƙen banza su cika allo, in sake rubuta umarnin.

Ina cikin haka wani dattijo ya yi sallama, shugaban manoman wata kanal ta wajen Bunkure. Ya zo jin ranar ruwansu. Na ba shi kujera.

"Baba, sai kun ɗan jira. Yanzu zan ce wa kwamfutar Kano ta mutu ta sake tashi. Layin zai yanke. In ta tashi lafiya za ta amsa kira."

"In ba ta tashi ba fa?"

"Babu mai taɓa ta sai mai makulli ya dawo."

Ya dubi allon, ya ɓare goro. "To, yi bismilla."

Na danna. Allon ya tsaya cak. Na jira kaɗan na kira, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake, haka. Ban ji tsoro sosai ba, sai dai na rasa abin yi da hannuwana. Muka fita muka yi la'asar ƙarƙashin darbejiya.

Da muka dawo na kira, ta amsa da ɗan fito irin nata, amma rubutun da ya fito ba ya karantuwa. Na daɗe kafin na gane sabuwar manhajar da wani sauri daban take magana. Na daidaita akwatina, sai ga ta tana tambayar sunana.

"Ta tashi?" in ji dattijon.

"Ta tashi, Baba."

"Ranar ruwan fa?"

Na kira shirin rabon ruwa, ya ƙi buɗewa. Bayanan gonaki yake nema a inda tsohuwar ke ajiye su, sabuwar kuwa ta kai su wurin da ba ni da izinin shiga. Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, ya ce za su bi tsarin bara kafin a gyara, ya hau kekensa.

Haka muka raba ruwa da ka har bayan sadakar bakwai ta mahaifin injiniyan. Manoman farkon kanal sukan riƙe ruwa fiye da ƙa'ida, na ƙarshe su zo ofis da ƙorafi, in saurare su. Da injiniyan ya dawo ya kira ni, na yi masa ta'aziyya, ya tambayi umarnin da na bayar ɗaya bayan ɗaya, ya gyara abin kafin azahar.

Tumatirin ƙarshen kanal ya yi yaushi, daga baya ya farfaɗo, ban da gonar wani mutum guda da sai da ya sake dashe.