Waƙar da Inna Malama ta ƙi koya wa kowa

Inna Malama ta rasu. Da safen nan ina zuba wa yara shayi 'yarta ta kira ni, ta ce an yi sallar asuba da ita, tana sallamewa ta ce a kwantar da ita. Shi ke nan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya kamata a ce yanzu ina cikin mota hanyar Kiyawa, amma kunyar shiga gidan nan ta hana ni tashi.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Hajiya Hajara sunanta. 'Yar malamai ce, jikar malamai, a wani ƙauye bayan Kiyawa, shekarunta sun kusa casa'in. Matan aure take koyarwa a tsakar gidanta. Da safe karatu, da yamma waƙa ga mai so.

Na san ta ne lokacin da aka yi mini fostin can ina sabuwar malamar Hausa. Silabus ya ce in koya wa ɗalibai rubutacciyar waƙa, ni kuwa ban taɓa haɗa baiti ɗaya da hannuna ba. Maƙwabciyata ta ce in je wurin Inna.

Ranar farko ta tambaye ni, "'Yar gidan wa ce ke?"

Na gyara zama na ce, "Daga Dutse nake, Inna. Gidan Malam Sambo Magatakarda. Kakan babana ne." Haka muke faɗa a gidanmu, da ɗaga kai. Tun muna yara ake gaya mana shi ne ya fara riƙe alƙalami a gaban Turawa a yankinmu, shi ya sa boko ya zauna mana a gida.

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce a ɗauko mini sabuwar tabarma.

Da ƙwar biyu ta fara da ni, layi bibbiyu, ƙarshensu ya zo ɗaya. In na rera, sai ta riƙa buga mini kari da yatsa a gwiwata. Duk inda yatsan ya tsaya, na san na yi tuntuɓe.

Wata rana akuyarta ta cinye mini takardun darasi. Na ɓata rai sosai. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "To malamar boko, gobe ki zo mini da ƙwar uku a kan akuyar nan. Kada ki zage ta, tsara mini ita za ki yi." Wannan ce waƙata ta farko da ta ce in maimaita.

Daga nan muka hau ƙwar huɗu, muka hau ƙwar biyar. Ta koya mini yabo, ta koya mini wa'azi, ta koya mini marsiyya. Da muka zo kan tahamisi, inda ake ɗaukar baitin wani a ƙara masa layi uku, ta ce, "Ɗakin mutum za ki shiga. Kada muryarki ta fi tasa tashi."

Ba ta taɓa barina na fita da yunwa ba. Da na yi ɓarin cikina na farko, mijina yana wurin kwas, ita ta hau bayan babur da tsufanta ta zo ta yi jinyata.

Abu ɗaya kawai ta hana ni. Na taɓa jin ana wata irin waƙa da ake ɓoye suna a cikinta, in ka tsinci harafin farko na kowane baiti ka jera, sai sunan ya fito. Na roƙe ta ta koya mini. Ta ce, "Wannan ba a koyar da ita a gidan nan." Na sake tambaya wani lokacin, ta sauya magana.

Bayan an dawo da ni Dutse ina zuwa gaishe ta jefi-jefi. Zuwana na ƙarshe bayan Babbar Sallah ne. Na tarar da ita a kwance, ta rame, amma hankalinta garas. Aka dama mini kunu. Cikin wasa na ce, "Inna, har yau fa kina riƙe mini da waƙar nan."

Sai ta ce bari ta ba ni labarin da kakarta ta ba ta.

Ta ce farkon zuwan Turawa, kakanta Malam Ɗalha shi ne malamin garin. A lokacin in Bature zai wuce rangadi, sai a kwashi samari su ɗauki kayansa a ka, ko da tsakiyar damina ce. Wasu su dawo gona ta riga ta lalace, wasu ba sa dawowa. Malam Ɗalha ya tsara waƙar wa'azi a kan mutuwa. Inna ta rera mini farkonta da 'yar muryar da ta rage mata:

"Na ga baƙo ya zo bai yi sallama ba,
Ya kwashi samari, bai bar na noma ba."

Ta ce nan da nan waƙar ta bazu. Mata na daka da ita, maza na huɗa da ita. Duk garin da ta isa, da an ji ƙishin-ƙishin Bature na tafe, sai samari su faɗa daji.

Baturen yana jin Hausa. Ya lura ko'ina ya sauka waƙa ɗaya ake yi, kuma ba a samun masu ɗaukar kaya. Ya sa aka tara malamai a gindin tsamiya, ya tambayi Malam Ɗalha wane ne baƙon.

Malam ya ce, "Mutuwa ce. Ita ce ba ta sallama."

Baturen ya bi malaman ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce mutuwa ce. Har ya tashi zai tafi. Sai wani ɗalibin Malam, wanda ya tashi a gidansa, wanda Malam ya yi wa aure, ya ce yana da magana. Ban da iyalinsa, shi kaɗai Malam ya koya wa irin wannan tsarin. Ya durƙusa ya rubuta harafin farko na kowane baiti a ƙasa da yatsa. Suka fitar da kalma ɗaya: Nasara.

A ranar aka ɗora wa Malam Ɗalha akwati a ka, dattijo mai furfura, aka sa shi cikin jerin masu kaya. Bai dawo ba. Waɗanda suka dawo sun ce a hanya ya faɗi. Har yau babu wanda ya san kabarinsa.

Na ce, "Ɗalibin fa?"

Ta ce, "Wasu sun ce bulala aka nuna masa, wasu sun ce riga. Ni ba a haife ni ba. Ya dai samu aikin rubutu a wurinsu, ya kwashe iyalinsa ya koma Dutse."

Na ce, "Inna, Sambo ne?"

Ta ce, "Sha kununki kada ya huce."

Wallahi ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na tuna yadda na gyara zama a gabanta na faɗi sunan nan. Na tuna sau nawa na zauna a tsakar gidan ina ba 'ya'yanta labarin kakanmu mai alƙalami, suna saurare, ba wanda ya ce uffan. Duk sun sani. Ni kaɗai ce ban sani ba.

Na durƙusa ina kuka na ce ta yafe mana.

Ta ce, "Ke me kika yi mini? Ranar da kika faɗi sunansa zuciyata ta yi zafi, ba zan ɓoye miki ba. Sai na ce yarinya ta zo neman ilmi, in na kore ta me zan gaya wa Allah?"

Sannan ta ce, "Matso. Na ga in na tafi da ita ta tafi ke nan. Kawo gwiwarki."

Ta koya mini waƙar baiti-baiti, ta nuna mini yadda ake zaunar da harafi ba tare da kari ya karye ba. Ban da 'yan gida, ni ce mutum ta biyu da gidan nan ya koya wa, kuma daga gidan mutum na farkon na fito.

Da zan tafi ta ce, "Ki koya wa yaranki na makaranta. Labarin ma ki ba su. Sunan kuwa, naku ne, ke kika san yadda za ki yi da shi."

Ga yadda na yi da shi. Na san 'yan uwa za su yi ta kirana yau. Babana yana nan unguwar Takur a Dutse da ransa, yana kuma karanta abin da nake rubutawa. Baba, ka yi haƙuri, na kasa kallon idonka in faɗa maka, ta nan za ka fara ji.

Ya Allah ka ji ƙan Inna Malama. Ka haskaka kabarinta, ka sa ilmin da ta bayar ya bi ta, ka ba zuri'arta haƙuri. Ka ji ƙan Malam Ɗalha a duk inda ƙasa ta rufe shi.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi musu addu'a. In kuma zuciyarku ta yarda, ku sa da kakanmu Sambo. Shi ya fi su buƙata.