Zanen da Muka Shanya Kuɓewa a Kai

Shekara goma sha ɗaya muna shanya kuɓewa a kan aikin wani babban mai zane ba mu sani ba.

Maƙwabcinmu ne a unguwar Mahjar ta Jidda, Bahaushen Sudan, tsoho mai shiru-shiru da ke rubuta allunan shaguna. Wata rana ya miƙo mini wani faffaɗan katako da ya shafe da fenti, ya ce, "Alhaji, riƙe wannan, garinmu ne a bakin kogi." Na duba, ban ga gari ba, ban ga kogi ba, sai shuɗi da ja kamar an yi ɓarin shuni da manja. Na dai yi godiya. Na shiga gidajen zane a Faris da Alƙahira da Istanbul, na iya riƙe haɓa ina jinjina kai da harsuna huɗu, amma ban taɓa zaton mai zane na gaske zai riƙa aron tsintsiya a gidana ba. Bayan shekara biyu ya koma Sudan, can ya rasu.

Matata kuwa tun ranar farko faɗin katakon ta gani, ta hau da shi saman gida. Iskar Jidda akwai laima, kuɓewa kan manne kafin ta bushe, sai Hajiya ta bi da cokali tana kankarewa.

Bara sai ga 'yarsa, haihuwar Jidda, Hausarta rabi Larabci. Ta ce wani gidan zane a unguwar Bagdadiyya, nan Jidda, zai baje ayyukan mahaifinta, wanda aka manta da shi tun yana raye.

"Ya ammi, garinmu sau ɗaya ya zana shi. Yana nan?"

Na ce yana nan. Hajiya daga kicin ta ce, "Sai dai jibi, akwai shanya a kai."

Da na sauko da shi sai na ga ɓarna. Samaniyar zanen ta cika da ƙananan tabon kuɓewa masu kusurwa biyar kamar taurari. Na fara ba da haƙuri da Larabci, kunya ta kora ni Faransanci. 'Yar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Halas, shi ke nan, a haka za a kai."

Ranar buɗewa na iske katakonmu a tsakiyar zaure, an haska masa fitila. Wani masani mai tabarau yana bayani, wai taurarin nan kewar gida ce, marigayin ya kankaro su ɗaya bayan ɗaya da haƙurin baƙunta. Jama'a na gyaɗa kai. Ni ma na riƙe haɓa.

Hajiya ta zungure ni. "Ji mutum da tabarau yana shara ƙarya. Cokalina ne."

"Don Allah rufa mana asiri."

"Asirin me? Ni da aiki, wani da yabo?"

'Yar marigayin tana bayanmu, ta ji komai. Na sadda kai ina jiran hukunci. Sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Ya khala, ai Baba ya sani. Ta taga yake hango ki. Yakan ce samaniyar nan dama bai gama ta ba, a bar Hajiya ta ƙarasa."

Ta zaro biro, ta sunkuya kan takardar da ke ƙasan zanen, inda aka rubuta "fenti a kan katako", ta ƙara "da kuɓewa". Masanin ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Madalla. To yaushe za a dawo mini da shi? Tire ba ya shanya kamarsa."