Takardun Geron Malam Nababa

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a rumfar Malam Nababa a kasuwar Tsanyawa ya san halinsa. In ka miƙa masa kuɗi sai ya ɗaga su sama, ya murza, ya juya, sannan ya kalle ka kamar kai ka buga su. Dattijo ne siriri da ya haura sittin. Yana noma gonar gado a wani ƙauye kusa da garin, ranar kasuwa kuma ya auna gero da dawa.

Ba haka aka haife shi ba. Yana saurayi, a zamanin soja, ya sayar da gyaɗarsa kaf yana shirin aure, sai rediyo ta ce an canja kuɗi. Kwana uku ya yi a layin banki a birni bai kai ga kanta ba. Ranar da wa'adi zai cika, wani mai babbar riga ya karɓi kuɗin a hannunsa a rabin daraja. Tun daga nan kuɗi ba su ƙara kwana biyu a aljihunsa ba. Da sun shigo zai mai da su gero ko akuya. "Gwamnati dai ba ta canja launin gero," in ji shi.

Mutum ɗaya ne ke iya zama da shi a yi musu, wato Malam Kamaruddeen, mai koyar da tattalin arziki a sakandare.

"Baba, kuɗi fa alkawari ne kawai," in ji malamin wata rana. "Gwamnatin da ke buga naira ba ta rasa naira. In ta ce ba kuɗin gyara asibiti, ba ta ga dama ba ne. Abin da ke ƙarewa shi ne hatsi da siminti da hannun ma'aikata."

"In haka ne, me ya sa ake bin mu da rasit duk ranar kasuwa?"

"Don ku nemi nairar. In ba a karɓar haraji da ita, wa zai kula takarda?"

Nababa ya ce, "Kai yaro, gaya min gaskiya. Wace jam'iyya ce ta aiko ka?"

Kamaruddeen ya yi dariya. Nababa bai yi ba.

Ana gab da zaɓen 2023 aka sake canja kuɗi. Aka janye tsofaffi, sababbin kuma sai dai a ji labarinsu. Wasu suka ce don a hana sayen ƙuri'a ne, wasu suka ce wani ɗan takara ake son a karya. Nababa bai yarda da ko ɗaya ba. Shi dai ya san akwai wanda ke ci a ciki. Kasuwa ta tsaya cik. Ga hatsi jibge, ga masu saye, ba abin miƙawa. Wanda duk ya ce zai tura masa ta waya, sai ya ce, "In ka iya, tura min geron ma ta waya."

Lokacin kai taki gona ne, masu jakuna kuma ba sa aiki sai da lada. Nababa ya ce zai biya su da gero, suka ce ba kullum suke son ɗaukar hatsi ba. Kamaruddeen ne ya ba shi shawara ya rubuta musu takarda, kowace ɗaya a bakin tiya guda, su zo su karɓa ran da suka so. Kwana biyu Nababa yana neman inda tarkon yake bai gano ba. A na uku ya yayyanka takarda, ya rubuta da ajami, ya dangwala yatsa.

Mako ya wuce, takardun ba su dawo ba. Hankalinsa ya tashi. Da ya bincika sai ya ji mai jaki ya ba mai shayi, mai shayi ya ba mahauci, mahauci ya biya kuɗin mota da ita.

"Ka gani, Baba?" in ji Kamaruddeen, baki har kunne. "Ka buga kuɗi. Mutane sun yarda da rumbunka."

"Me na yi musu da za su yarda da ni?" in ji Nababa. "Akwai dai abin da ake shiryawa."

Ba a jima ba magana ta fara yawo. Aka ce wani ɗan siyasa ne ya tsaya masa. Aka ce takardun sun fi abin da ke cikin rumbun yawa. Ran wata Talata da hantsi ya fito ya tarar da ƙofar gidansa cike da mutane, kowa da takarda da buhu. Ya sa aka buɗe rumbu, ya shimfiɗa tabarma, ya fara awo.

Wajen azahar ya ga abin da ya daskarar da shi. Iya abin da ya rubuta ya riga ya biya, amma layi bai ƙare ba. Ya karɓi ta gaba ya duba da kyau. Ajamin ya yi kama da nasa, sai dai wasalin ya fi nasa tsabta, yatsan kuma ya fi nasa faɗi. Wadda ta kawo ta wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa.

"Inna, wa ya ba ki wannan?"

"Oho, Malam. A kasuwa na karɓa. Da sunanka na yarda."

Ya shiga gida yana huci, ya ce wa matarsa Safara'u ba zai biya ba. Ta ajiye muciya ta ce, "Malam, wanda ya rubuta ba ya cikin layin nan. Ya riga ya ci nasa. Waɗannan irinka ne, ranar da aka cuce ka." Ya koma ya ci gaba da awo har la'asar. Kusan buhu biyu suka tafi a kan takardun da ba shi ya rubuta ba.

Kamaruddeen ne Nababa ya fara zargi, tunda shi ya kawo shawarar, kuma yana da alƙalami. Malamin ya rantse, ya ce ko naira ma ana yin jabunta, wannan ba ya rushe maganarsa. Nababa ya ce, "Maganarka ba ta rushe ba, rumbuna ne ya rushe." Wata huɗu ba su gaisa ba. A tsakanin nan kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, kasuwa ta farfaɗo, farashi kuma ya yi ta hawa, har malamin ya dawo rumfar da kansa yana neman a rage masa. Nababa ya cika masa tiya har tana zuba, amma bai ce ya wanke shi ba.

Bai ƙara rubuta takarda ba. Jabun nan saba'in da tara suna cikin wani gwangwani a ɗakinsa. Har yau in aka kawo masa wasiƙa, ko ya ga wani yana rubutu da ajami a wajen ɗaurin aure, sai ya matsa ya leƙa. Ya zargi ladan, ya zargi mai shayi, ya zargi surukinsa. Bai gano mai hannun ba.