Eriyar da Mai Gadi Ya Ɗaure

Mun tashi daga Funtuwa da asuba, ni da abokin aikina da direba, tsani a kan mota. A wani ƙauye kusa da Gozaki, inda muka kafa wa ƙungiyar manoma na'urar intanet bara, sabis ya mutu. Da ita suke sanar da maƙwabta idan an ga baƙin babura a daji. An ce an hangi mai gadin wurin a kan rufin da aka kafa na'urar kafin hakan, kuma 'yan sintiri sun ba shi zuwa Juma'a ya bar garin, wai 'yan bindiga yake wa aiki.

A Bakori muka karya da waina. Ta ƙanƙance, kuɗinta kuma ya girma. Masara ta yi kyau a gefen hanya, amma direbanmu madubi yake ta kallo, ba gona ba. Bayan Malumfashi 'yan sintiri suka tsare mu, suka daɗe suna juya mitar awon sigina. Ɗaya ya kara ta a kunne. Ban yi dariya ba sai da muka wuce.

Mun tarar da mai gadin, dattijo ne, zaune shi kaɗai a gindin ɗorawa. Gaskiya ni ma da zargi na hau rufin, ina neman yankakkiyar waya. Ban samu ba. Eriya biyun da muka bari da tazara na gani a manne, an ɗaure su tamau da robar tayar babur. Ƙarfen da ke riƙe da ɗaya daga cikinsu ya karye.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Injiniya. Iskar hadari ta karya ta. In bar ta ta faɗo wa mutane a ka?"

Na sauko na yi wa shugaban ƙungiyar bayani. Eriya biyu idan suka matsu, kowace tana shan siginar 'yar'uwarta, sai su dagula wa juna aiki. Wannan irin tana son tazarar taƙi guda ko fiye. Muka sa sabon ƙarfe, muka raba su, muka karkata ɗaya dama ɗaya hagu don su rage jin juna. Saƙonni suka fara shigowa wayoyi a gaban kowa.

Shugaban ya dubi wayarsa, ya dube ni. "To Injiniya, wa ya faɗa masa ɗaure su zai kashe sabis?"

"Alhaji, da ya san haka, da yanzu shi ke riƙe da mitar nan."

Aka janye wa'adin Juma'a.

Mun iso Funtuwa kafin magariba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne mitata tana nuna inda sigina ta lalace, amma ba ta wanke mutum. Baba yana nan a garinsu. Sai dai kafin mu baro ƙauyen, da aka kawo mana tuwo, kowa ya sa hannu a babban kwano, shi kuma nasa daban aka zuba.