Tayoyin Tarbar Suruki

Akwai wata rana a Riyad da ko tsufa ya kwashe min sauran tunani, ita kam tana nan daram: ranar da maigidana ya je ɗauko mahaifina a filin jirgi.

A shekarar ne ya sayi motar da yake mafarki tun yana saurayi, irin ta tsere ɗin nan, ja wur, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Mu biyar ne a gidan, amma wannan lissafin bai dame shi ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne tayoyin da zai sa mata. Wai akwai na zafi, masu laushin roba, masu kama kwalta ƙam ko ana gudun fitar rai, sai dai saurin cinyewa. Akwai kuma na kowane yanayi, masu ƙarko da jure sanyi, amma ba su kai waɗancan riƙe hanya a kwana ba. Da safe ya zaɓi waɗannan, da yamma ya koma waɗancan. Har a kan tuwo sai an yi min darasi, ni da ban taɓa tuƙa ko keke ba.

Na san abin da ke cin sa, ba taya ba ce. Tun aurenmu Baba bai taɓa sake masa fuska ba, kallon mai fariya yake masa. Ga shi Baban zai biyo ta wajenmu bayan ya gama Umra, shi kuma so yake tsohon ya gani da idonsa cewa aikin ofishin jakadanci ya karɓe shi. Na ce ya ari motar maƙwabcinmu mai faɗi, ya ce, “Haba, ke ma dai. A motar aro zan tarbi Baba?” Ƙarshe na zafin ya sa, sirara, robar kamar an shafa wa ƙarfen ne kawai.

Ranar da jirgin zai sauka, shi ya yi gaba a jar motarsa, ni na bi shi a tasi saboda kaya.

A bakin Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid ya tsuguna ya gaida Baba yadda ya kamata, sannan ya buɗe masa ƙofa. Baba ya dubi kujerar can ƙasa, ya dube ni. Babu yadda za a shiga motar nan sai an tsuguna. Haka dattijo ya tattare babbar riga, ya fara yin ƙasa a gaban surukinsa. Maigidan ya ga ba zai yiwu kansa ya fi na Baba tsawo ba, sai shi ma ya ƙara yin ƙasa. Baba ya ƙara, shi ma ya ƙara, har sai da maigidan ya kai gwiwa biyu a kan kwalta mai zafi yana ta “Sannu Baba, a hankali Baba.” Direban tasina ya tambaye ni da Larabci ko wani abu ne ya faɗi suke nema.

Da aka hau hanya kuwa, kunya ta hana shi taka mai. Wa zai yi gudu da suruki a gefe, kafaɗa na gugar kafaɗa? Tayoyin da aka sha wahalar zaɓa don tsere sai ga su suna rarrafe a layin manyan motoci. Mun riga su isa gida, har na ɗumama miya.

Bayan la’asar Baba ya kira ni gefe, ya rage murya.

“Ashe haka yaron nan yake fama, ba ki taɓa faɗa min ba? Iyali guda, motar mutum biyu. Ba ta ma iya gudu. Tayoyin kuma na duba, duk sun cinye, saura ƙarfe.”

Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga min hannu.

“Kar ki tona masa asiri. Na zalunce shi da zato. Mai fariya ba zai zo gabana a wannan ba. Ki riƙe shi da kyau.”

A ranar, karo na farko, Baba ya ce wa maigidan ya matso su ci a kwano ɗaya, yana ta tura masa nama gabansa. Na ga idon maigidan ya ciko, ni ma nawa ya cika, rabi dariya rabi tausayi. Har Baba ya koma ga Allah yana sa masa albarka, yana cewa yaro ne mai rufin asiri, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin gyara masa.

Abin da na koya shi ne, mutum yana iya zaɓar abin da zai nuna, amma ba shi zai zaɓi abin da za a gani ba. Mijina ya so Baba ya jinjina masa, sai Baba ya tausaya masa, kuma tausayin ne ya ba shi uban da ya daɗe yana nema.